Bututun da Saje Barnabas Ya Yanke

Kafin masu ƙosai na Sabon Gari su kwashe kaskon farko, Saje Barnabas ya riga ya jingine kekensa ya buɗe shago. Ba ya taɓa ƙarfe sai ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya wanke hannu da sabulu kamar wanda zai ci tuwo. Sannan ya zauna a kan akwati, ya ɗauko bindigogin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya zare musu sakata, ya ɗaga bututun ya saita shi da hasken safiya ya leƙa. Wani bututun minti ɗaya ya ishe shi. Wani kuwa sai ka gaji da tsayuwa, ka je ka sha koko ka dawo, ka same shi da ido ɗaya a rufe yana juya shi a hankali. In ka yi masa sallama a lokacin zai amsa, amma ba zai dube ka ba. Shekara ashirin da ɗaya ke nan yana haka a Sakkwato, kuma ƙarshen watan nan zai rufe shagon, shi da matarsa Martha su koma ƙasarsu ta Kagoro.

A soja ya koyi gyaran makamai, tun zamanin Turawa, can ya samo sunan Saje. Da ya ajiye kaki sai ya nemi izinin hukuma, ya sa takardar a gilashi ya rataye a bango, har yau tana nan ta yi ja don tsufa. Masu zuwa wurinsa mafarauta ne da masu gadin gonaki da ma'aikatan daji, sai 'yan kasuwa masu bindiga mai baki biyu. Ba ya karɓar bindiga sai ya ga lasin, ya karanta lambar, ya duba ta a jikin ƙarfen. Yana da wata ɗabi'a kuma da ta sa rabin mafarautan ƙasar nan suka taɓa yin fushi da shi. In ya duba bindiga ya ga tana iya fashewa a hannun mai ita, sai ya zare sakatar, wato ƙarfen nan da ke rufe harsashi a ciki, ya jefa a akwatin ƙarfe ya kulle. Kana iya ɗaukar sauran ka tafi da shi gida ka rataye, amma ba za ta yi harbi ba sai ranar da ya gyara. Tambari maharbi na Ƙofar Marke ya gaya mini ya taɓa kai ƙararsa wurin mai unguwa a kan haka, mai unguwa ya saurari duka biyun ya ce wa Tambari ya je ya yi alwala ya huce.

Ni Siddiƙu, akawu ne a sakatariya, kuma duk wanda ya san ni ya san ranar da ake rabon haƙuri ban samu zuwa ba. Shayi ma ba na jira ya huce. Don haka abin da zan faɗa a kan mutumin nan ba a bakin kowa na ji ba, a jikina na ji shi, wata goma sha tara cur da ɗoriya.

Yayana Illo shi ya gaji bindigar mahaifinmu, tsohuwa ƙirar Ingila, ya kuma gaji aikin da ke tafe da ita. Shi ke tsaron gonakin shinkafa na ƙauyenmu da ke bakin fadama, don gadu ya shiga gona ɗaya sai ya tone ta kamar an sa garma. In an yi girbi kowane gida ya ba shi rabonsa, da shi yake ciyar da iyalinsa shekara. A daminar saba'in da huɗu kurkunu ya kwantar da shi mako shida. Bindiga na rataye a bango, tsumman da ya saba toshe bakinta da shi ya faɗi bai lura ba. Zanzaro ya samu rami mai sanyi ya shiga ya gina ɗakinsa na laka a ciki. Ranar da Illo ya fara taka ƙafa aka aiko gaduna sun shigo, ya fizgi bindiga ya ɗingisa ya tafi, bai leƙa ba. Harbi ɗaya ya yi, ta doke shi a kafaɗa ya zauna daɓas a cikin ruwa. Da ya duba, tsakiyar bututun ta kumbura kamar macijin da ya haɗiye kwaɗo.

Ni na kai shi Sabon Gari. Saje ya shafa kumburin da yatsa sau biyu, ya ce bututun ya mutu, ya zare sakata ya kulle. Ya ce kamfanin da ya ƙera bindigar ya daina yin irinta, amma akwai wani tsohon maƙeri a Ingila da ke yin bututu ɗai-ɗai bisa awon da aka aika masa. Sai an samu izinin shigo da shi, a aika awo, a shiga layi. Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce in Allah ya yarda wata shida, amma kada in riƙe shi a kan maganar, don ba shi ke hura wutar maƙerar ba. Na riƙe shi kuwa, har na rubuta ranar a kalanda.

Takardar izini kaɗai ta ci wata uku. Muka aika awo, amsa ta zo cewa mutum arba'in da wani abu ne a gabanmu, kuma tsohon ba ya fara bututu na biyu sai ya gama na farko. Na karanta wasiƙar na kusa yayyaga ta. Saje kuwa murmushi ya yi, wai ya ji daɗin wannan magana, don maƙerin da ke da layi shi ne maƙeri. Ku tuna lokacin da muke ciki. Kuɗin mai sun shigo, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya cika da babura da rediyoyi, kowa na gudu ba ka san inda za shi ba. Ni ma na je kanti da hantsi na fito da babur kafin azahar. A ƙasar da kake samun babur a wuni ɗaya, sai ga guntun ƙarfe mai rami ya gagara. Wannan abu ya hana ni sukuni. Da farko ranar Juma'a kawai nake leƙawa shagon, daga baya ya koma kullum in an tashi aiki, ina safa da marwa a ƙofarsa kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. Kafin in kashe babur zan ji muryarsa daga ciki, ba haushi ba gajiya: "Bai zo ba, Malam Siddiƙu."

Damina ta sake zagayowa. Illo ya aro harbi-ka-ruga yana fita da ita, amma ba ta kai nesa, kuma kafin ya ɗura albarushi na biyu garken ya gama abin da ya kawo shi. Gaduna suka cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na shinkafar ƙauye. Dattawa suka kira shi suka ce sun san darajar mahaifinsa, amma daraja ba ta cika rumbu. In damina mai zuwa ta same shi hannu wofi, za su nemi wani maharbin. A nan ne wani ya ba mu labarin maƙerin ƙauye da ke yin bututu da sandar sitiyarin mota cikin kwana uku. Ni na zuga Illo, ban ɓoye ba. Muka tafi Sabon Gari tare don karɓo sakatar, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

Ya ce, "Saje, ka yi ma Allah ka ba ni sakatag ga. Ɗiyana tara. In anka amshe aikin ga, mi za ni ba su?"

Saje ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ba shi kujera, ya yi masa bayani a tsanake. Sandar sitiyari tana ɗaukar albarushin harbi-ka-ruga, amma harsashin wannan bindiga ƙarfinsa ya ninka wancan sau da yawa, zai tsaga ta kamar rake. Illo ya ce to a bar masa tsohon bututun, ko harbi ɗaya ne a mako. Saje ya girgiza kai.

"Malam Illo, ka zage ni yau, ka zage ni gobe, zan ɗauka. Amma ba zan je gidanka gaisuwa da sanin cewa ni na buɗe akwatin nan ba."

Muka fita ba sallama. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, kuma na ƙara jin haushi don na san gaskiya ya faɗa.

Bayan wata goma sha ɗaya wasiƙa ta zo cewa an gama bututu an sa shi a jirgin ruwa. Na yi murna har na saya wa 'yan ofishinmu goro. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A shekarar ce jiragen siminti suka yi cincirindo a bakin teku a Ikko, ɗaruruwa, kowanne na jiran a sauke shi, namu jirgin na can bayan layi. Soja suka karɓi mulki daga hannun soja, aka raba jiharmu biyu, aka yi ta kwashe ma'aikata da fayil-fayil a manyan motoci, bututu na kan ruwa. Na rubuta wasiƙa goma sha huɗu. Na buga waya Ikko har mai haɗa layi ta gane muryata. Saje bai rubuta ko ɗaya ba. Abin da yake yi shi ne duk wata ya fito da bindigar Illo ya goge ta, ya shafa mata mai, ya mayar.

Cikin bazarar saba'in da shida, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, akwatin ya iso. Dogo ne siriri, kusurwa ɗaya ta lotse, ga tabon ruwa a jikin katakon. Ko a jirgi abin ya faru, ko a wurin saukewa, ko a hanya, babu wanda ya sani. Na aika wa Illo, ya zo da sabuwar riga kamar ranar suna. Maƙwabtan shagon suka taru, tela da mai gyaran agogo da masu wucewa, don duk layin sun san labarin bututun nan, sun kuma san ni.

Saje ya warware takardar, ya goge giris, ya ɗaga ya leƙa. Cikinsa na sheƙi, babu tsatsa. Na ce alhamdu lillahi, a ɗaura. Bai kula ni ba. Ya ɗaura masa zare ya rataye shi, ya ɗauki ɗan ƙarfe ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ni ban ji komai ba, amma na ga fuskarsa ta canza. Ya ɗauko kananzir ya jiƙa bututun, ya bar shi ya sha, ya goge shi tas, sannan ya daka alli ya barbaɗa masa har ya yi fari. Ya ce mu jira. Wata goma sha tara ina jira, amma wannan rabin awa ta fi su tsawo. Sannu a hankali wani layi ya fito a kan farin allin, siriri kamar gashi, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba. Kananzirin da ya shige cikin tsaga ne yake dawowa waje.

Ya ce ba zai ɗaura ba.

Murna ta koma ciki. Na ce wannan ai ƙarce ne, ko reza ta fi shi kauri. Na ce maƙerin Ingila da ya yi ta yabo shi ya ƙera, ko yanzu ya fi shi sani ne? Ya ce maƙerin ya yi aikinsa, hanya ce ta yi nata. Na ce damina saura mako uku. Ya ce ya sani. Sai na ce to ya ba mu kayanmu, akwai masu gyara a Kano da Kaduna da ba su da wannan iyayi, gobe da asuba zan hau mota. Ya dube ni sosai, karon farko da na ga ya dube ni haka, ya tambaye ni ko da gaske nake. Na rantse masa. Ya san kuma zan aikata, ya san akwai wanda zai ɗaura mini ba tare da ya daka alli ba.

Sai ya matse bututun a jikin tebur, ya ɗauko zarton ƙarfe ya ɗora daidai kan layin ya fara yanka.

Idona ya rufe. Abin da na faɗa a ranar ban taɓa maimaita shi ba sai yau. Na ce masa baƙo ne shi a garin nan, ba shi da gona, ba shi da kabarin uba, in yunwa ta kashe 'ya'yan Illo shi ko a jikinsa, zai naɗe tabarmarsa ya koma dutsensu. Da ƙarfi na faɗa, duk layin sun ji. Martha ta kawo masa abincin rana tana tsaye da kwano a hannu, ita ma ta ji. Bai ɗago ba, zarto bai tsaya ba. Ƙarfen na da tauri, ya ɗauke shi wajen minti goma sha biyar yana gumi.

Da guntun ya faɗi, bai ba ni ba, Illo ya miƙa wa. Tsagar da muke gani a waje kamar gashi ta ci fiye da rabin kaurin ƙarfen, cikinta ya yi ja da tsatsar ruwan gishiri. Illo ya juya shi ya sake juyawa. Ya ɗauki tsohuwar bindigarsa ya kafa a kafaɗa kamar zai yi harbi, ya dubi inda hannunsa na hagu ya kama, ya gwada da inda aka yanke. Wuri ɗaya ne.

Ya ce, "Siddiƙu, yi kurum hakanan. Nan hannuna ka zama."

Na hau babur na tafi. Ba don na ga ina da gaskiya ba, sai don na ga ba ni da ita, kuma irina ya fi jin zafin wannan.

Sauran labarin ban gani da idona ba, don na hana kowa ya ambaci sunan Saje a gabana. Shi da kansa ya je ya sanar da hukuma abin da ya yi, ya naɗe guntun ƙarfen ya aika wa maƙerin da wasiƙar da ɗan tela ya rubuta masa. Tsohon ya ga tsagar ya sa mu a gaban layi, ya ce wannan karon ta jirgin sama zai aiko. Duk da haka sai da aka ƙara wata bakwai. Damina ta sauka, Illo ba bindiga, wa'adin dattawa ya cika.

Doka ta hana ba da aron bindiga, kuma a wannan shekarar shingen sojoji ya yi yawa a hanya, wanda aka kama da makamin da ba sunansa a lasin ya shiga uku. Saje bai karya doka ba. Tun da shinkafa ta fara fitar da kai har aka yanke ta, duk ranar Alhamis da la'asar sai ya rufe shago, ya saɓa tasa bindigar mai baki biyu, lasin a aljihun gaba, ya hau motar ƙauye. A sauke shi a shinge a bincika, ya nuna takarda, a wuce. Illo ke bin sawu ya nuna mashiga, Saje ke harbi, safe da yamma, sai Asabar ya dawo don ya samu coci ranar Lahadi. Mako tara ya yi haka, mutum mai shekara sittin, cikin sauro da taɓo. Da dattawa suka zo yi masa godiya sai ya ce su daina, shi nama ya zo nema, tunda su ba sa cin gadu ai ba a bar arziki ya lalace ba. Ya ce maharbin ƙauye Illo ne, shi ɗan rakiya ne kawai. Suka yi dariya, suka bar wa Illo aikinsa. Mutanen Sabon Gari kuwa sun ci nama a shekarar har sun gaji.

A bakin Kaltume matar Illo na ji. Ta aiko mini da sabuwar shinkafa ƙwarya biyu, ta ce ɗaya tawa, ɗaya in kai wa Saje tunda ina da babur. Na tambayi dalili, ta yi mamakin ban sani ba. Ban iya kaiwa ba, sai na ba mai gyaran agogo ya miƙa masa. Da bututu na biyu ya zo, ya sha kananzir da alli ya fito fari fat, Saje ya ɗaura shi, ya kai bayan gari ya ɗaure bindigar a jikin itace ya ja kunamar da dogon zare sau biyar kafin ya yarda Illo ya taɓa. Ranar ma ban je ba. Shekara biyu ke nan ina zagaye don kauce wa layin nan, ina ƙona mai a banza.

Saje, kai ne wanda aka zaga a bakin aikinsa bai ajiye zarto ba. Kai ne mai cewa bai yi ba a zamanin da kowa ke cewa a kawo haka nan. Na ga magina suna zuba bene kafin na ƙasa ya bushe. Na ga makanikai suna ɗaure birki da waya su ce Allah ya kiyaye. Ni kaina na sha buga hatimi a takardar da ban karanta ba don mai ita na tsaye a kaina. Duk wanda ke da sana'ar da ran wani ke rataye a kanta, ina roƙonsa ya je Sabon Gari kafin ƙarshen wata ya ga mutumin nan ko sau ɗaya. Ba sai ya yi masa magana ba, ya tsaya kawai ya ga yadda ake duba abu kafin a ce ya yi.

Makon jiya da na ji za ka tafi, na yi ta maza na je. Na durƙusa na gaishe ka, na ce ka yafe mini abin da na faɗa. Ka kara hannu a kunne kana murmushi. Martha ta ce shekara arba'in na ƙarar bindiga sun cinye maka ji, tun bara ba ka ji sai an ɗaga murya sosai ta wajen hagu. Na duba, ga tela, ga mai agogo, ga mutane na wucewa. Ni da na iya ɗaga murya ranar zagi, sai ta maƙale. Ka ba ni kujera, ka sa aka kawo mini ruwa, ka tambaye ni ko babur ɗin na nan, na tashi na tafi da maganata a ciki.

Shi ya sa na rubuta, don ido bai gaza maka ba, kuma masu karantawa sun fi waɗanda suka ji ni a ranar yawa. Ƙarya na yi, Saje, kai ba baƙo ba ne. Ka yafe mini. Mun gode, ni da 'ya'yan Illo tara da duk gidan da ya ci shinkafar waccan shekarar, Allah ya kai ku gida lafiya, ya ba ka hutun da ka hana kanka. Ranar Asabar Illo zai same ka a tashar mota da buhun shinkafa, ya ce kada kowa ya taya shi, shi zai ɗora maka da hannuwansa biyu.